AMSA GA MALAMIN DA KE SON SAYEN KWAMFUTA TA GIDA

 A cikin takardun da suka iso wannan fili a makon nan akwai wata da Edita ya miƙo mini, ya ce in amsa ta a bainar jama'a, don ya ga abin da ya dami mai ita ya dami mutane da yawa waɗanda ba su rubuto ba. Ta fito ne daga wani malamin makarantar firamare a ƙasar Katsina, wanda ya roƙa a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce:

"Zuwa ga Edita. Bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, ina roƙon arziki ka ba ni ɗan fili in kawo kukana. Ni malamin makaranta ne, yau wata 18 ke nan ina zubin adashi don in sayi kwamfuta in ajiye a gida, ga shi kuwa kwasata ta zo ƙarshen watan nan. Abin da nake so da ita shi ne in riƙa buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon yara da hannuna, in huta da kai wa masu shagon buga takardu, sa'an nan babbar 'yata ta saba da ita kafin ta zauna jarrabawar JAMB. Da na yi shawara, wani abokina ya ce kada in kuskura in sayi wadda ba i7 ba, wani ya ce in ba ta Apple ba ce asarar kuɗi ce, ƙanena kuwa ya ce wayar da ke aljihuna ta isa. Wutar lantarki a unguwarmu ba ta da tabbas. Kaina ya ɗaure, kuɗin nan kuwa in sun tafi ba na sa ran tara irinsu nan kusa. Ina neman shawara."

To, Malam, madalla da ka tambaya tun kuɗin ba su bar hannunka ba, gama matambayi ba ya ɓata. Kuma in ka lura, kai da kanka ka riga ka amsa rabin tambayarka, tun da ka faɗi aikin da kake so ta yi maka, ka kuma faɗi halin da gidanka yake ciki. Waɗannan abubuwa biyu su ne ma'auni. Mutumin da zai sayi dabba yakan fara sanin ko sukuwa zai yi ko ɗaukar taki zuwa gona, sa'an nan ya nufi kara. Abokanka sun faɗa maka sunan abin da ake yayi, amma babu wanda ya tambaye ka me za ka yi da shi.

Bari in fara da maganar ƙanenka, don tana da ƙamshin gaskiya. Wanda bukatarsa ba ta wuce karanta labarai da aika saƙo da kallon hotuna ba, lalle waya ta ishe shi, kuma ina ba shi shawara ya riƙe kuɗinsa. Amma mai buga takarda shafi-shafi, da mai jera sunayen yara 60 da makinsu a darussa 10, waya za ta gajiyar da idonsa da yatsunsa. Sa'an nan tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka a kan kwamfuta, saboda haka yarinyar da hannunta ya saba da maɓallai tun a gida ba za ta firgita ba ranar da ta shiga ɗakin jarrabawa. Ke nan kai kana cikin masu bukata.

Kwamfutar gida iri biyu ce. Akwai ta tebur, wadda ake girkewa wuri guda, akwatinta daban, fuskarta daban, allon maɓallanta daban. Akwai kuma ta tafi-da-gidanka, wadda ake ninkewa kamar littafi a sa a jaka, mutane suna ce mata laftof. Ta tebur ta fi sauƙin gyara, don in wani abu ya lalace a cikinta sai a cire shi kaɗai a sa wani, kuma ta fi samun iska. Amma ba ta da batir. Da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, abin da ka buga ba ka adana ba ya tafi ke nan, sai fa in ka haɗa ta da akwatin batir da ake kira UPS, shi ma ƙaraminsa mintoci kaɗan yake riƙewa, gwargwadon ka adana aikinka ka kashe. Har ila yau takan sha wuta ninki biyu ko uku na laftof. Laftof irin ta ofis kuwa, in ka duba jikin cajarta za ka ga an rubuta wat 45 ko 65, watau ƙaramin janareta ko ɗan faifan sola na gida ya ishe ta. Saboda haka duk wanda wutar unguwarsa take kamar taka, Malam, laftof ce tasa. Wanda yake da tsayayyar wuta, ko sola mai ƙarfi, kuma yana da 'ya'ya da yawa masu ƙiriniya, shi ne zai yi tunanin ta tebur.

Yanzu sai mu shiga cikin cikinta. Tun da yake yawancin masu karanta wannan fili sun san ofis, bari in kwatanta muku da ofis. A cikin kowace kwamfuta akwai akawu, akwai teburinsa, akwai kuma kabad na ajiyar fayil. Akawun shi ne abin da ake kira firosesa, shi ke yin lissafi da zartar da umarni. Teburin shi ne RAM, inda ake baza takardun da ake aiki da su a wannan lokaci. Kabad ɗin shi ne ma'adana, inda kome yake kwance har bayan an kashe ta. To, ku da kanku kun sani, kome ƙwazon akawu, in teburinsa bai fi faranti ba, kabad ɗinsa kuma ƙofarsa tana cijewa, yini zai yi yana kai da kawowa, aiki bai ci gaba ba. Mafi yawan kwamfutocin da ake kuka da nawarsu, laifin ba na akawun ba ne, na tebur ne da kabad.

Ana auna faɗin teburin da giga. Giga 4 shi ne mafi ƙaranci da Windows 11 ta yarda da shi, amma zama ne na ƙunci, da ka buɗe takarda biyu da shafin intanet uku sai ta fara numfashi sama-sama. Giga 8 shi ne daidai da malami da akawu da ɗalibi. Giga 16 na masu zanen gine-gine ne da masu haɗa fina-finai, ko wanda aljihunsa ya yalwata yana so ta daɗe masa. Kada kuwa wani ya raina maka giga 8. Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a Amurka cikin Agustan 1981, wadda yawancin na yau suka gaji tsarinta, mafi arahar samfurinta kilobait 16 ne teburinta, ana sayar da ita dala 1,565. Taka ta ninka wannan fiye da sau 500,000, alhali aikinka buga takarda ne da lissafin maki.

Ma'adana ita ma iri biyu ce. Tsohon yayi, wanda ake rubuta wa HDD, faifai ne a ciki yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wata 'yar allura tana bin kansa. Yana da yalwa da araha, amma yana da nawa, kuma in kwamfutar ta faɗi ko ta bugu tana cikin aiki yakan lalace da duk abin da ke cikinsa. Sabon yayi, SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa, don haka ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya fi jure jijjigar babur, ya kuma fi tattalin batir. In mai kanti ya ajiye maka biyu, ɗaya HDD mai giga 1,000, ɗaya SSD mai giga 256, ɗauki ta biyun kada ka waiwaya. Giga 256 zai ɗauke takardun makarantarku na shekaru masu yawa bai cika ba. Malaman da ke tara littattafan Larabci masu yawa, kamar masu aiki da Maktaba Shamila, ko masu ajiye karatuttukan murya da na bidiyo, su ne za su nemi 512 ko fiye.

Sai maganar abokinka mai i7. Kamfanin Intel ya kasa firosesoshinsa aji-aji, i3 da i5 da i7, kuma gaskiya ne i7 ya fi i5 in sa'o'in juna ne. Amma kowane aji yana da zubi, kusan kowace shekara da nata, kuma a nan ne ake yi wa mutane rufa-ido. Dubi lambar da ke bayan ɗan layin. In ka ga i7-3520M, lambar farko 3 ce, watau zubi na 3, na shekarar 2012. In ka ga i5-8250U, zubi na 8 ne, na shekarar 2017, kuma ya fi wancan i7 ɗin ƙarfi, ga shi bai kai shi shan wuta ba. In lambobi huɗu ko biyar ne suka fara da 1, sai ka karanta biyun farko tare, misali i5-1135G7 zubi na 11 ne. Tsohon ingarma sunansa ingarma, amma ba shi za ka hau ranar tsere ba.

Wannan magana ta zubi tana da wani nauyi kuma. Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 11 a Oktoban 2021, ya kuma ɗora mata sharaɗi, a ƙa'ida ba ta hawa kan firosesan Intel da bai kai zubi na 8 ba, in ban da 'yan ƙalilan. Sa'an nan ran 14 ga Oktoba 2025 ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta kamar yadda ya saba, sai dai ƙarin wa'adi da ya buɗe wa wanda ya yi rajista, shi kuwa wa'adi ƙarewa yake yi. Kwamfutar da ba a toshe mata kafofi kamar gida ne da katangarsa ke zubewa ba a yaɓe, ɓarayin intanet ba sa shan wuyar shiga. Tsofaffin kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama kuwa kasuwanninmu suke gangarowa. Saboda haka ga iyakar da nake so ka ja a ƙasa: kada ka sauka ƙasa da zubi na 8. In firosesan na kamfanin AMD ne, wanda ake kira Ryzen, nemi wanda lambarsa ta kai 3000 ko ta wuce. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa kuwa kada ya yar, ana iya sa mata Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, kyauta ne, kuma suna tafiya lafiya a kan tsofaffin na'urori.

Ta Apple fa? Babu mai musun kyaunta. Tun da kamfanin ya fara sa nasa firosesan M1 a shekarar 2020, batirinta yakan yi doguwar tafiya ƙwarai. Amma tana da tsada, ba a ƙara mata faɗin tebur bayan an saya, kayan gyaranta da masu gyaranta ba ko'ina ake samunsu ba, kuma yawancin makarantu da ofisoshinmu da Windows suke aiki. Kafin ka sayi kowace iri, ka tambayi mai gyaran da ya fi kusa da kai wadda ya fi samun batirinta da fuskarta da cajarta. A kasuwanninmu za ka tarar HP da Dell da Lenovo sun fi yawa, abin da ya yi yawa kuwa kayan gyaransa ba sa wuya.

Sabuwa ko ta hannu? In kuɗinka sun kai sabuwa mai waɗannan siffofi da na lissafa, da takardar garanti, to, babu kamarta. Amma ka yi hattara da sababbin nan masu ƙyalli da araha, waɗanda za ka ga an rubuta musu Celeron, da giga 4, da ma'adana mai giga 32 ko 64 wadda aka like ba ta ciruwa. Araha ba ta ado. Tsohuwar laftof ta ofis mai lafiya, irin su ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, ta fi irin waɗannan amfani, don an ƙera ta ne saboda aikin yini.

A nan ya kamata in ba ku labarin kaina, don kada a ce mai wa'azi bai taɓa tuntuɓe ba. Shekarun baya na shiga wani kanti da kuɗina a hannu, na ga wata ƙatuwar laftof baƙa mai sheƙi, an manna mata tambarin i7. Mai kanti ya kunna ta tana jone da wuta, ta kawo hoto tangaram, na biya ban ƙara tambaya ba. Da na isa gida na zare caja, ko minti 20 ba ta yi ba ta mutu. Da aka kawo wuta na zauna zan buga "yau", sai na ga "zau". Ashe daga Jamus ta fito, su kuwa a allonsu Z tana mazaunin Y. Wannan an gyara mini shi a cikin saiti, ko da yake har muka rabu abin da ke rubuce a kan maɓallin daban, abin da ke fitowa daban. Babbar hasarar ta zo ne bayan shekara guda, ranar da ɗana ya ja wayar caja ta faɗo daga kan tebur. Faifan ya tsaya, da lissafin wata ƙungiya da aka ba ni amana na shekara uku a ciki, ba ni da kwafinsa ko'ina. Wata biyu na yi ina bin rasit ɗaya-ɗaya ina sake shigarwa da dare, kunyar da na ji gaban dattawan ƙungiyar kuwa har yau ban manta ba. Ban ga laifin mai kanti ba kamar nawa, gama ni na yi cinikin biri a sama.

Don haka ranar da za ka saya, ko a Titin Beirut na Kano ne, ko a babbar kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ko a garinku, tafi da wanda ya san kan abin kuma ba shi da la'ada a cinikin. Kada ka yarda da takardar da aka manna a jiki, sa a buɗe maka saiti ka ga sunan firosesa da yawan giga da idonka. Sa a zare caja, ka zauna da ita kamar rabin awa tana aiki, ka ga yadda batirin ke sauka. Abokin tafiyarka yana iya buga umarnin powercfg /batteryreport, zai fito da lambobi biyu, abin da batirin ke ɗauka ranar da aka ƙera shi da abin da yake ɗauka yau. In na biyun bai kai kashi biyu cikin uku na farkon ba, a rage maka kuɗin sabon batir. In ka ga jikinta ya kumbura ta wajen da ake shafa yatsa, batirin ne ya kumbura, wannan hatsari ne, bar ta. Danna kowane maɓalli ɗaya-ɗaya. Dubi layin sama na haruffa, irin wanda muka saba da shi a Nijeriya yana farawa da Q, W, E, R, T, Y. Na Faransa yana farawa da A, Z, E, R, T, Y, shi ne 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sabawa da shi, su a wurinsu ba aibi ba ne. Gwada kowace kafa da filashi, gwada kyamara da lasifika da kama intanet, ka buɗe ka rufe ka ji ko maratayin murfin ya saki. Ka tabbata kuma babu kalmar sirri ta wani mutum ko ta wani kamfani da ta kulle ta, don irin wannan sau da yawa ba ta buɗuwa, wata ma kayan sata ce. Daga ƙarshe a rubuta maka rasit da lambar jikinta, da kwanakin da aka yarda ka mayar in ta nuna aibi.

Malamai da yawa sukan tambaye ni ko sai an sayi kwamfuta ta musamman kafin a buga ɓ da ɗ da ƙ, ko a yi rubutun Larabci. Ba sai an saya ba. Windows tana ɗauke da tsarin maɓallan Hausa da na Larabci a cikinta, ƙara su kawai ake yi a wajen saitin harshe. Haka kuma wanda kuɗinsa ba su kai na Word da Excel ba, akwai LibreOffice, kyauta ce, tana buga takarda tana yin lissafi. Ya fi maka alheri a kan kwafin sata da ake zuba wa mutane a kasuwa, wanda sau da yawa da cutarsa yake zuwa.

Abu na ƙarshe, kada ka juye adashin nan duka a kan kwamfutar. Ware kamar kashi ɗaya cikin shida. Da shi za ka sayi soket mai kare na'ura daga tashin wuta, don wutar da ke dawowa da ƙarfi ita ke ƙona caja. Ka sayi jaka mai laushi, da filashi ko ma'adana ta waje wadda za ka riƙa kwafe aikinka a ciki kowace Juma'a, ka ajiye ta wani ɗaki dabam. Kada ka ɗora laftof a kan katifa ko darduma tana aiki, gama ta ƙasa take shan iska, zafi kuwa shi ke cinye batir. Lokacin hunturu ka riƙa rufe ta da ƙyalle, sa'an nan sau ɗaya a shekara ka kai a busa mata ƙura. Firinta kuwa ka dakata tukuna, buga aikinka a gida ka kai filashi shago a fitar maka, har ka ga yawan takardun da kake fitarwa a wata.

Ga amsarka a dunƙule, Malam: laftof mai fuska inci 14 ko 15, firosesa i5 daga zubi na 8 zuwa sama, ko i3 na zubi na baya-bayan nan, RAM giga 8, SSD giga 256, batir mai lafiya, da mai gyara a kusa. In ka sami wannan, za ta buga maka jarrabawa, ta tara maka maki, ta koyar da 'yarka, ƙannenta ma su gada. In abokanka sun yi maka dariya don ba i7 ba ce, ka tuna ba su suka yi zubin wata 18 ba. Ina roƙonka in ka saya ka sake rubuto mana yadda kuka ƙare, domin wasu su ƙaru. Allah ya sa albarka a cikin abin da za ka saya, ya ba yarinya sa'a.

Masu tambaya a kan faifan sola da batir na gida, na ga takardunku, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in muna da rai. Haza wasalam.

Naku,
Tsohon Akawu.